Na je taron 'yan Newfoundland a Alberta, na dawo da tambaya

Baban Hanif (Fort McMurray): Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri, labarin da ɗan tsawo. Shekarata 4 ina aiki a nan Fort McMurray, garin da ake tace mai daga cikin yashi a arewacin lardin Alberta na ƙasar Kanada. Wanda muke aikin dare tare da shi wani dattijo ne ɗan Newfoundland, tsibirin nan da ke can ƙarshen gabashin Kanada cikin tekun Atlantika. Tun bara yake min naci in zo taron 'yan tsibirinsu, ni kuma ina ta zillewa, don na san irin wannan zama ba ya rabuwa da kwalba. Bana dai kunya ta ci ni, ranar 1 ga Yuli na bi shi.

Na zaci shagalin ranar Kanada, wato bikin kafuwar ƙasar, zan tarar. Da shigarmu sai na ga kowa ya maƙala wani ɗan fure shuɗi a ƙirji, aka miƙe tsaye aka yi tsit kamar gidan makoki. Sai bayan nan aka buɗe tukwane aka ɗauko kayan kiɗa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne wata tsohuwa da ta tare wani saurayi a bakin ƙofa. Ba ta tambayi sunansa ba. Da irin Turancinsu ta ce masa, "Wa ya saƙa ka?", wato kai ɗan gidan wa ne. Ya faɗi sunan uwarsa da na ƙauyen kakarsa. Kafin ya rufe baki ta lissafo masa kakar, da mijin kakar, da launin kwalekwalensu, sai ga hawaye. Abokina ya raɗa min cewa ƙauyen da suke magana yanzu ko mutum ɗaya babu a cikinsa. A jikin bango kuma sun kafa taswirar tsibirin, kowa ya zo ya soka allura a garinsu, wasu alluran a wuraren da taswirar ma ba ta rubuta suna ba. Gefe guda ga bokiti ana jefa kuɗi, za a kai gawar wani gida.

To ga tambayata. Dattijon nan tun 1993 yake Alberta. Jikokinsa duk nan aka haife su. Amma har gobe in ya ce "gida", tsibirin yake nufi. Wannan riƙon asali ne, ko kuwa mutum ne yake rarrashin kansa? Ku da kuka daɗe a waje ku faɗa min.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Ni dai kafin a shiga falsafa, me ka ci?

Abba (St. John's): Yaya, ai ranar da ka je ɗin ita ce amsar rabin tambayarka. Ni a nan St. John's, babban birnin Newfoundland, nake karatu a Jami'ar Memorial, shekara ta uku. Ran 1 ga Yuli sauran Kanada biki suke, amma a nan da safe zaman juyayi ne. A wannan rana ce a 1916, lokacin yaƙin duniya na ɗaya, sojojin Newfoundland kimanin 800 suka fita daga ramuka a Beaumont-Hamel cikin Faransa. Washegari da aka kira suna, 68 kaɗai suka amsa. Ka duba ƙanƙantar jama'ar tsibirin, kusan babu garin da mutuwar ba ta taɓa ba. Ita kanta jami'armu don tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙin aka kafa ta a 1925. A 2024 ma sai da suka ɗauko gawar wani sojansu da ba a san sunansa ba daga Faransa suka binne shi a nan St. John's.

Kuma a lokacin yaƙin ba 'yan Kanada ba ne. Ƙasarsu daban ce a ƙarƙashin Ingila. Bashi ya karya su har suka miƙa mulkin kansu a 1934, sannan a 1948 aka yi ƙuri'ar raba gardama, masu son shiga Kanada suka ci da kashi 52 da ɗoriya kawai. Ran 31 ga Maris 1949 suka shiga. Akwai tsofaffin da ke raye yau waɗanda ba a haife su 'yan Kanada ba. Shi ya sa in ɗan nan ya je Alberta, ji yake kamar ƙasar waje ya tafi. Ko agogonsu da rabin awa ya bambanta da na maƙwabtansu.

Injiniya Lawal (Calgary): Abba ya ba da tarihi mai kyau, amma bai taɓa tambayar ba. Ni na yi aiki da su shekara da shekaru, mutanen kirki ne, ga raha. Sai dai a faɗi gaskiya, wannan taro kwaɗayin baya ne kawai. Mutum ya sayi gida a nan, yana da mota biyu da ta hawa dusar ƙanƙara, sau ɗaya a shekara ya zo ya ci naman gishiri ya sha giya ya yi kukan ƙauye. In yana son ƙauyen, wa ya riƙe shi? Jirgi na tashi kullum.

Hajiya Talatu (Cambridge, Ontario): Injiniya, ya koma ya ci me? Ƙasa?

Garinmu nan cike yake da su, yawanci zuriyar mutanen wani ƙaramin tsibiri ne da ake kira Bell Island. Ma'adinin ƙarfe ake haƙa a can, ramukan har ƙarƙashin teku suka shiga. A 1966 aka rufe na ƙarshe. Gari ne da kowa ramin yake ci, rana ɗaya aka ce babu. Wani ya zo nan ya sami aiki a masana'anta, ya aika wa ƙaninsa, ƙanin ya aika wa surukinsa, haka unguwa guda ta taso ta dawo nan. Suna da kulob ɗinsu a garin nan. Maƙwabciyata tana ƙarama aka zo da ita, yau ta haura 60, amma ranar da maigidana ya kwanta asibiti ita ta fara ƙwanƙwasa min ƙofa da tukunya. Na ce mata kin yi ɗawainiya, ta ce a garinsu ba a jira a kira ka. Wannan shi ne abin da suke zuwa taron su sabunta. Ba a sayen sa a kanti.

Injiniya Lawal (Calgary): Hajiya, Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Amma kirkin maƙwabciya daban, zancen asali daban.

Maman Ilham: Baban Hanif har yanzu ba ka ce min abin da ka ci ba.

Baban Hanif (Fort McMurray): Maman Ilham ba za ki bar ni ba ke nan. To babban abincinsu sunansa Jiggs dinner. Naman sa ne da aka jiƙa cikin gishiri a bokiti, a kwana ana tsame gishirin, sannan a dafa shi tukunya ɗaya da kabeji da dankalin Turawa da karas da wani saiwa mai kama da rogo, har da ɓarzajjen wake a ɗaure cikin jakar ƙyalle yana dahuwa a ciki. Shi ban ci ba, tunda ban san yankan ba. Akwai kuma busasshen kifin gishiri da suke haɗawa da wani biskit mai tauri kamar dutse, sai an jiƙa shi ya kwana. A ka'ida soyayyen kitsen alade ake barbaɗawa a kai. Matar abokina ta riga ta sani, ta ware min nawa a tukunya daban da albasa da man shanu. Daɗi? Ba zan yi ƙarya ba, in da yaji da ya fi. Amma ku ga yadda manyan mutane ke lumshe ido suna ci, kamar an ba ɗan Kano gurasa bandabanda bayan shekara goma.

Kiɗan kuma, akodiyon ne da gogen Turawa, sai wata sanda da suka ƙera da kotar abin goge ƙasa, an buga mata murafan kwalba, an sa mata takalmin roba a ƙasa, ana doka ta da ƙasa tana kacau-kacau. Sun ce a can gida a kicin ake irin wannan zama, don nan murhu yake, nan ɗumi yake.

Sadiya M.: Ba su sa ka sumbaci kifi ba? Na ji ana yi wa baƙi haka 😂

Baban Hanif (Fort McMurray): Sun kawo shi kuwa, daskararre da idonsa a buɗe. Wai in baƙo ya sumbaci kifin, ya maimaita wasu kalmomi, ya kurɓi giyar rakensu mai suna Screech, ya zama ɗan gida na girmamawa. Na ce giya dai a kai kasuwa. Babu wanda ya ɓata rai, suka kawo wani jan sirop mai zaƙi suka ce shi ake ba yara da marasa sha. Kifin kuma na ce mu gaisa daga nesa.

Abba (St. John's): Wannan na sumbatar kifi, da yawa daga 'yan nan ɗin ma haushinsa suke ji. Cewa suke wasan masu yawon buɗe ido ne, kakanninsu ba su san shi ba. Ita giyar ma daga Jamaika take, ragowar tsohon ciniki ne, a kai kifin gishiri can a dawo da giyar rake. Sannan Yaya ka kiyayi kalmar "Newfie". Za ka ji suna kiran junansu da ita, amma in ta fito daga bakin bare wasu zagi suke ɗaukarta, saboda an daɗe a Kanada ana yi musu barkwancin wawaye da ita. Kamar dai yadda za ka ce wa ɗan uwanka baƙauye ku yi dariya, wani ya faɗa a Legas a yi rigima.

Malam Buba (Maiduguri): Salamu alaikum. Ni ban taɓa fita waje ba sai Umara, amma kifi sana'ar gidanmu ce, bandar Baga muke saro. Baban Hanif ya ce dattijon ya bar gida 1993. Me ya faru da kifin nasu? Don masunci ba ya barin ruwa haka nan.

Abba (St. John's): Baba, ka taɓo inda ke musu ciwo. Kifin sunansa kod. Saboda shi Turawa suka zauna a tsibirin tun farko, tun bayan zuwan Baturen nan mai binciken teku John Cabot a 1497. Kusan shekara 500 ana kamunsa da ƙananan jirage da ƙugiya da tarko, bai ƙare ba. Bayan yaƙin duniya na biyu sai ga manya-manyan jirage daga ƙasashen Turai da Tarayyar Sobiyet, kowanne masana'anta ce mai tafiya, suna jan taru a ƙasan teku dare da rana, a gyara kifin a daskarar da shi a cikin jirgin. A 1968 kaɗai an kwashi tan dubu 810. Kanada ta faɗaɗa iyakar ruwanta zuwa mil 200 a 1977 ta kori baƙin, sai kuma nata jiragen suka ɗora daga inda aka tsaya. Ƙananan masunta na bakin gaɓa sun yi ta kukan kifi na raguwa kuma yana ƙanƙancewa, ba a saurare su ba.

Ran 2 ga Yuli 1992 ministan kamun kifi na tarayya, John Crosbie, wanda shi ma ɗan tsibirin ne, ya sanar da haramta kamun kod na arewa. Mutum wajen dubu 30 suka rasa aiki. An ce shekara 2 za a yi. Sai 2024 aka ɗage, shekara 32 ke nan, kuma tan dubu 18 kawai aka yarda a kama a shekarar. A ƙidayar 1991 jama'ar lardin sun kai dubu 568, zuwa 2001 sun koma dubu 513.

Malam Buba (Maiduguri): Innalillahi. Wato ƙaramin masunci ya faɗa, ba a ji ba, kuma shi aka fara kora. To Injiniya, da girmanka, kada ka ce wa irin wannan mutum "wa ya riƙe ka". Mu nan mun ga masuntan da rikici ya raba da bakin tafki. Ka same shi a gari yana tura baro, amma in ya haɗu da ɗan garinsu sai su zauna su yi ta lissafin sunayen tungaye da mashigai har dare. Ba wai sun manta babu hanya ba ne. In ba su faɗi sunayen ba, wa zai faɗa?

Injiniya Lawal (Calgary): Malam Buba na karɓi gyara a kan na 1992. Amma ku duba lissafin da Abba ya kawo. Wanda ya tafi yana ɗan shekara 30, yau ya wuce 60. Shi na yarda, ciwonsa na gaske ne. 'Ya'yansa fa? Yaron da aka haifa a Alberta, Turancinsa na Alberta, bai san ƙugiya ba. In tsofaffin nan suka ƙare, taron ya ƙare, ko ya zama na sa riga mai tuta a ɗauki hoto. Ba mugunta nake ba, nawa yaran nake kallo. Ina musu Hausa suna mayar min da Turanci.

Ɗan Zango (Kumasi): Injiniya ka zo Kumasi ka gani. Kakan babana ne ya zo nan fataucin goro. Ni sai da na yi shekara 31 na taka Kano, na je ma ana dariyar Hausata. Amma a zango har yau in za a ba ka aure sai an tambayi ku mutanen ina ne, Kanawa ko Katsinawa ko Zazzagawa. Abu ɗaya na lura. Abin da ake taruwa a kansa don suna da aure da jana'iza shi ke daɗewa. Na kiɗa da abinci kawai, shi ke mutuwa. Wannan bokitin kuɗin gawa da Baban Hanif ya gani, ni shi na riƙe a labarin gaba ɗaya.

Hajiya Talatu (Cambridge, Ontario): Allah ya yi maka albarka ɗana. Nan ma jikokin ne yanzu ke zuwa, wasu ba su fi sau biyu da ganin tsibirin ba.

Baban Hanif (Fort McMurray): Akwai kuma abin da Injiniya ya sani ya ƙi faɗa. Da yawansu ba su taso gaba ɗaya ba. Iyali na can tsibirin, mutum ya zo ya yi sati biyu ko uku a sansanin ma'aikata, ya hau jirgi ya koma, ya sake dawowa. Cin rani ne sak, sai dai a jirgin sama. Har tsokana ake cewa Fort McMurray shi ne gari na biyu mafi girma a Newfoundland. Kuma aikin ma ta irin wannan zumunci ake samunsa. A gabana a wurin taron wani ya karɓi lambar saurayin nan da tsohuwa ta tare, ya ce ya kira shi ran Litinin. Gobarar dajin 2016 da ta sa aka kwashe mutum sama da dubu 80 daga garin nan, abokina ya ce kafin ya isa Edmonton, babban birnin Alberta, ɗan ƙauyensu da rabonsu da juna shekara 20 ya kira shi ya ce ɗaki na nan.

Usman Yauri: Maganar ƙauyen da babu kowa ta tsaya min. Kifin ne ya tashe su?

Abba (St. John's): Wasu tun kafin nan ne. Daga 1954 zuwa 1975 gwamnati ta biya mutanen ƙananan ƙauyukan bakin teku su tashi su koma manyan garuruwa, don kai musu hanya da makaranta da asibiti ya yi tsada. Ƙauyuka kusan 300 aka watsar, mutum wajen dubu 30. Wasu gidan katakon nasu suka ɗaura wa gangunan mai suka ja shi a kan ruwa da kwalekwale zuwa sabon wuri. Hotunan suna nan, gida sukutum yana iyo. Maƙabartu ne ba su jawu ba.

Usman Yauri: Allah sarki. Kamar mutanen tsohuwar Bussa da ruwan Kainji ya cinye a 1968. Kakata har ta rasu tana nuna tsakiyar ruwa tana cewa ga gonarsu can.

Dokta Rabi (Toronto): Ina bin ku tun ɗazu. Zan ɗan ɓata muku daɗin hira. Duk wannan "gida, gida" da ake yi, tsibirin yana da masu shi kafin zuriyar Ingila da Ailan su sauka. Mutanen Beothuk ne, kuma an ƙarar da su a matsayin al'umma ta hanyar cututtuka da kisa da raba su da bakin ruwa. Matar da aka sani ta ƙarshe a cikinsu, Shanawdithit, ta mutu a St. John's a 1829. Su babu mai kama musu zaure ya soka allura a taswira. Ban ce kada a ji tausayin masunta ba, amma in ana lissafin wanda aka raba da gida a fara daga farko.

Injiniya Lawal (Calgary): Yauwa Dokta.

Dokta Rabi (Toronto): Kada ka yi saurin yauwa Injiniya, ba bayanka na bi ba. A maganar yara ina tare da Ɗan Zango. Kai ka taɓa kai naka yaran wani zama da za a tare su a ƙofa a ce ku 'ya'yan wa ne?

Injiniya Lawal (Calgary): Muna zuwa Ranar Hausa duk 26 ga Agusta.

Maman Ilham: Ku ci waina ku ɗauki hoto ku watse. Abin da ka zargi mutane da shi ɗazu 😂

Shugaban zaure: Jama'a a sassauta. Injiniya babba ne a zauren nan.

Injiniya Lawal (Calgary): Bar su shugaba, na ji a jikina. Amma ban janye ba. A dawo nan da shekara 20 a duba.

Abba (St. John's): Ƙarin bayani kaɗan, don kada a zaci soyayya ce zalla tsakaninsu da na gida. Gwamnatin lardin takan ware shekara guda ta kira 'yan waje su zo gida, an yi a 1966 zamanin shugaban gwamnatin lardin Joey Smallwood, an sake a 2022. Na ga masu zuwa hutun bazara. Suna sauka daga jirgin fito a Port aux Basques bayan awa wajen bakwai a ruwa daga Nova Scotia, da manyan motoci masu lambar Alberta. Wanda ya zauna ya sha sanyi da rashin aiki yana kallonsu a kaikaice, wai sun zo da kuɗin mai suna koya wa mutane son gari. Mai gidan da nake haya cewa take 'yan Alberta sun fi su iya zama 'yan Newfoundland, tunda su sati biyu kawai suke yi.

Hajiya Talatu (Cambridge, Ontario): Wannan kam ko mu in mun je gida Sallah ba mu tsira ba.

Baban Hanif (Fort McMurray): Na dawo. Jiya da dare a wurin aiki na ba dattijon labarin muhawarar nan, har na fassara masa maganar Injiniya. Ya yi dariya ya ce a gaya wa Injiniya yana da gaskiya rabi, don babban ɗansa ko naman gishirin ba ya ci. Amma 'yar ɗan nasa, mai shekara 9, ita ta soka musu allura a taswira bana, kuma ba a nuna mata wurin ba.

Sai na tambaye shi ko zai koma in ya yi ritaya. Ya ce ya riga ya sayi wurin kabari a can, kusa da na ubansa, yana kallon teku. Matarsa kuma ta rantse ita inda jikokinta suke nan za a binne ta. Shekara 6 suna wannan gardama, ba wanda ya sauko.

Na gayyace su cin naman layya in Allah ya kai mu. Ya ce zai zo da sandar kiɗan.

Dokta Rabi (Toronto): To kai fa Baban Hanif, naka wurin a ina ka saya?

Baban Hanif (Fort McMurray): Dokta motar ma'aikata ta iso, sai na fito.